Asabar: zaman tsaro a ƙofar gidan dagaci

Da hantsi aka zauna: dagaci, masu unguwanni, shugaban 'yan sintiri, da sajan ɗin da aka ɗora wa kula da ƙauyen nan. Koke uku aka kawo. Babur da aka ɗauke daren Laraba, awaki da ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, da samarin da ke taruwa a kangon bayan makaranta idan dare ya yi.

Maganar babur ce ta ci rabin zaman. Mai shi bai je caji ofis ba sai jiya, kwana biyu yana cigiya a bakin abokai. Sajan ya tambaye shi lambar inji, babu. Lambar da aka buga a wuyan babur, babu. Rasit kuma a ƙarƙashin kujera yake ajiye shi, ya tafi tare da babur ɗin. Abin da ya iya faɗa kawai ja ne. Fenti da lambar baya kuwa ɓarawo na canza su a yini guda, waɗancan lambobi biyu ne suke da wuyar gogewa ba tare da an bar tabo ba. Ko an kama babur ɗin a wani gari gobe, da me za a ce nasa ne? Wannan ya dame ni, domin aikin minti biyar ne da an yi shi tun ranar saye.

Nan take aka sayo littafi mai kauri. Kowane mai babur zai kawo shi a kwafe lambobin biyu, a duba da ido, ba a karɓar abin da mutum ya faɗa da ka, don 8 da B suna rikita mutane. Waya ma haka: a danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito, a rubuta. Awaki a rubuta launi da shaidar da ke kunne. Littafin zai zauna wurin mai unguwa, kwafi ɗaya a caji ofis.

Sai sintiri. Kuskuren a fili yake: ana fita ƙarfe 11, a dawo ƙarfe 2, hanya ɗaya kullum. Yaro ma ya haddace, balle ɓarawo, kuma da ɗan gari akan ci gari. Duk satar da aka lissafa tsakanin ƙarfe 2 da asuba ta faru. Daga yau rukuni biyu ne, 11 zuwa 2, sai 2 zuwa 5, mutum huɗu-huɗu, ba mai warewa shi kaɗai. Ba a faɗin hanyar da za a bi sai a lokacin tashi. Tocila a kashe take sai da dalili, domin haskenta na sanar da zuwan mutum tun daga nesa. Usur dogo sau ɗaya, lafiya lau ke nan. Gajeru uku a jere ana maimaitawa, kowa ya fito. Mutum na biyar zai zauna da waya a kan tudun da sabis ke kamawa, da caji da kati, da lambar sajan da ta caji ofis.

Sajan ya daɗe a kan abin da za a yi idan an kama wani, kuma na goyi bayansa. Ba duka, ba ɗauri a bishiya har gari ya waye. A rubuta abin da aka samu a hannunsa a gaban shaidu biyu, a kira 'yan sanda, a miƙa shi. Amsa laifin da aka samu da bulala ba ya tsayuwa a gaban alƙali, kuma ɗan sintirin da ya yi dukan shi zai koma wanda ake tuhuma. Wurin da aka yi sata kuma a hana jama'a tattake sawu, kada a taɓa kwaɗon da aka fasa.

Kangon ba a miƙa shi ga 'yan sanda ba tukuna. Masu unguwa za su ga iyayen yaran, mai kangon ya sare ciyawa ya toshe ƙofa cikin mako guda.

Abu ɗaya ya rage: ba mace ko ɗaya a zaman, alhali su ne ke gida da rana, su ke ganin baƙuwar fuskar da ta wuce sau biyu tana leƙen turke. An ce a samu dattijuwa a kowace unguwa da za su riƙa kai wa magana, kuma sunan mai ba da labari ba zai shiga littafi ba. Ranar da suna ɗaya ya fita, bakin kowa zai rufe.

Ƙarfe 11 da minti 10 rukunin farko ya tashi. Tocila ɗaya batirinta ya mutu tun kafin a bar ƙofar gida, gobe za a sa duba kaya cikin aikin yamma. Wajen sha biyu na ji usur dogo daga gefen rafi.