Abin da tsohon bene ya koya mini

Makon nan na ajiye aiki, kuma ba na son in tafi ban faɗa wa masu zuwa bayana abin da ya faru a aikin tsohon benen nan ba. Kun san shi: gidan jan bulo mai hawa uku a tsohuwar unguwa, wanda muka raba sassa shida, kowane mai saye da nasa, rufi da matakala da bangon waje kuwa na tarayya.

A kan yaɓe rigimar ta tashi. Magina na farko da kwaɓin farar ƙasa suka ɗora bulon, shi ya sa danshin da ke hawowa daga ƙasa yake samun hanyar fita ta tsakanin bulo ya bi iska. Na rubuta cewa a gyara shi da irin abin da aka gina shi. Shugaban kamfaninmu ya ce farar ƙasa na cin makonni kafin ta kama, siminti kuwa kwana kaɗan ne, ga masu saye suna jiran makulli. Na ce masa, "Yallaɓai, siminti ya fi wannan bulon ƙarfi, in aka haɗa su bulon ne zai ji jiki." Har Yarjejeniyar Banis (Venice) ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi na kawo masa, wadda ta yarda a yi amfani da dabarar zamani a tsohon gini inda ta gargajiya ta gaza, kuma sai an tabbatar da ingancinta. Ya ce shi gida yake sayarwa, ba gidan tarihi ba.

Aka shafe bangon da siminti. Shekara ba ta zagayo ba ruwan da ya rasa mafita ya haura sama, ya ɓullo ta cikin ɗakuna. Na je sashen wata dattijuwa a hawan ƙasa, na tarar fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso a bayan gadonta. Na ƙwanƙwasa yaɓen waje, ya yi ƙarar fanko, da muka ɓamɓare shi fuskar bulon ta biyo shi tana zuba kamar gari. Bulon da ya haura shekara ɗari lafiya lau, mu muka lalata shi.

A taron masu gida, shugaban nan ya dubi jama'a ya ce sakacin mai kula da aiki ne, wato ni. Takardar da na rubuta masa tana cikin fayil, bai ambace ta ba. Har yau abin yana ci mini rai, don a tallarmu mun yi ta cewa gini ne mai kare muhalli, alhali sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, mu kuma mun zuba shi sannan muka farfashe shi muka kwashe.

Ni na tsaya a kan gyaran, da wani tsohon magini da ya san farar ƙasa, kuma bangon ya bushe.

Sauran a taƙaice. Duk shawarar da aka ƙi, ku sa a ƙi ta a rubuce. Tsohuwar tagar katako, in ba ta ruɓe ba, a gyara ta a toshe kafofin iska. Ku gaida maƙwabta kafin motar yashi ta tare musu lungu. Kuma kada a miƙa makulli sai masu gida sun buɗe asusun gyaran rufi da magudanar ruwa, sun amince da abin da kowa zai riƙa zubawa duk wata.