Zaman asembuli kan hostal ɗin kwaleji

Jiya na je zaman da masu tsara gari na asembuli, wato majalisar gari, suka kira kan kwalejin da ke bayan unguwarmu a nan Kumasi, wai za su ƙara hostal mai hawa 4. Suka baza taswira a tebur, ni dai layuka kawai nake gani, sai da Hajiya mai koko ta ɗora yatsa ta ce "ɗana, ina kwatar da ruwa zai bi?" injiniyan ya yi shiru yana juya biro. Wallahi ta burge ni, don duk damina ruwan gangaren nan a zaurenmu yake kwana. Ni kuwa kuɗin haya ne damuwata, mun ga yadda ɗalibai suka tsadar da ɗaki a unguwannin Ayeduase da Kotei da ke kusa da jami'ar KNUST. An ce su gyara taswirar su dawo.