Ba a Aron Man Fitila

Matiyu sura 25 ta jera abu uku a kan jiran dawowar Almasihu: budurwai goma da fitilunsu, bayi uku da talanti (kuɗin da maigidansu ya ba su amana), sai rarrabe tumaki da awaki. A duba da kyau, cikin waɗanda suka fāɗi ba wanda aka tuhuma da kisa ko sata. Budurwai biyar ba su riƙo ƙarin mai ba, da suka roƙi sauran kuma ba su samu ba. Bawan da aka ba talanti ɗaya ya haƙa rami ya binne. Waɗanda aka ware hagu, wato awakin, suka ga mayunwaci suka wuce. Abin da suka bari ne ya kā da su.

Shi ya sa begen Kirista ba irin "ina fata" ba ne da ake faɗa a zauna. A Romawa 5:3-4 Manzo Bulus ya nuna tushensa: wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya haifi hali tabbatacce, halin kuma ya haifi bege. Mai gudun matakin farko da wuya ya kai na ƙarshe.

Hanya biyu bege yake lalacewa. Ta farko fid da rai. Bitrus da Yahuza duk sun yi wa Ubangiji laifi a dare ɗaya, Bitrus ya yi musun saninsa, Yahuza ya bashe shi, duk kuma sun yi nadama. Yahuza har ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi, amma ya yanke wa kansa hukunci tun kafin Alƙali ya zauna. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya koma cikin 'yan'uwa. Ta biyu ita ce sakaci da sunan alheri: "Ai Allah mai jinƙai ne, zan tuba nan gaba." Wannan ta fi yawa, ta kuma fi wuyar ganewa, don mai ita yana nan a sujada kowace Lahadi.

Akwai kuma masu lissafin rana. A Amurka mabiyan William Miller suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844, a matsayin ranar dawowar Almasihu, waɗansu har suka bar amfanin gona ba su girbe ba. Gari ya waye, da yawa suka watse. Matiyu 24:36 ta riga ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar. Wanda ya ɗaura begensa a kalanda, kalanda ce za ta kwance shi. A 2 Tasalonikawa 3:10-12 ma, masu zaman banza Bulus bai yaba musu ba, cewa ya yi su natsu su ci guminsu.

To, ɗan'uwa, yaya ake tara man?

Ka ware minti 10 kafin barci, ka tambayi kanka wa ka ɓata wa rai yau, wane alheri ya zo gabanka ka kauce. Ka ambaci zunubin da sunansa a gaban Allah; "ka gafarta mana dukan laifofinmu" da sauri ba ya taɓa komai. In akwai fushi, Afisawa 4:26 ta ba shi wa'adi: kada rana ta fāɗi a kansa.

Sai ayyuka shida da Sarkin, wato Almasihu, ya lissafa a labarin tumaki da awaki: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishirwa, karɓar baƙo, tufatar da mara sutura, duba mara lafiya, ziyartar ɗan kurkuku. Kada ka ɗauki shidan lokaci guda, cikin wata ɗaya za ka gaji. Ɗauki ɗaya, ka sa masa sunan mutum da rana. "Zan riƙa taimakon marasa lafiya" ba ya kai kowa ko'ina. "Ran Alhamis da yamma zan je wurin wance" shi ke kaiwa. Ba da ayyukan nan ake sayen ceto ba, su ne shaidar cewa bangaskiyar tana da rai. Kuma mai talanti biyu ya ji yabo iri ɗaya da mai biyar, kalma da kalma, don haka ƙarancin abin hannu ba hujja ba ce.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne bayan fāɗuwa. Kunya takan sa mutum ya janye daga taro, ya ce sai ya gyaru zai dawo, alhali Ibraniyawa 10:25 ta ce a ƙara ƙarfafa juna tun da ranar tana gabatowa. In ka fāɗi ran Juma'a, ka tuba a daren, ka nemi amintaccen ɗan'uwa ɗaya ka gaya masa, ran Lahadi kuma a gan ka a wurin zamanka.