TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Inuwar Lantarki

A makon jiya na tsaya ne a saukarmu Beijing, farkon watan Yulin 2018, da yadda na yi kwana biyu daga burodi sai shayi kafin wani ɗan Pakistan ya nuna mini haruffa biyun da ake rubutawa a ƙofar gidan abincin Musulmi, waɗanda ake karantawa qingzhen. Tun daga ranar na daina rama. Yau kuma sai karatun da ya kai ni.

Mu goma sha tara ne a ajin, kwas ɗin hutun zafi na mako shida kan tarihin fim ɗin ƙasar Sin. Yawanci Turawa ne, sai 'yan Koriya uku, ni kaɗai ne baƙar fata. Malamarmu dattijuwa ce gajeriya, ba ta rabo da gorar shayi, kowa laoshi yake ce mata, wato malama. Ran farko ta ce kowa ya faɗi fim ɗin Sin da ya fara gani. Da aka zo kaina har da gyara zama, don a nan nake ganin ba mai ja da ni. Ni da na tashi a shagon Baffa a Fagge, inda kaset ɗin Cainis yake jere daga ƙasa har rufi? Na jero mata Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li. Na ba ta labarin yadda muke fitowa daga gidan kallo muna tsalle-tsalle a lungu, kowa ya ce shi ne jarumi, ba mai yarda ya zama bos, har wani yaro ya taɓa rasa haƙori.

Ta yi dariya har da share hawaye. Sannan ta ce kusan duk abin da na lissafa na Hong Kong ne, wadda take hannun Ingila har 1997, shi kuwa Bruce Lee a San Francisco ma aka haife shi. A cikinsu Jet Li ne kawai ɗan garin da muke zaune. Ashe shekara da shekaru a zaure nake, ina zaton na shiga gida.

Abin da ya fara kama ni shi ne sunan fim da harshensu: dianying, inuwar lantarki. Nan take na tuna majigi, da yadda tsofaffinmu suke ba da labarin farin ƙyalle a filin unguwa. A babban gidan tarihin fina-finai na ƙasa da ke arewa maso gabashin birnin, an nuna mana mutum-mutumin yadda aka ɗauki fim ɗinsu na farko a 1905, a farfajiyar wani shagon hoto mai suna Fengtai. Wani tsohon gwanin wasan gargajiya ne, Tan Xinpei, yake juya makami a gaban kyamara, a wani yanki na wasan Dutsen Dingjun. Na tambayi laoshi yaushe za mu kalle shi.

Ta ce, “Ba ka taɓa ganinsa ba, ni ma haka. Babu shi.”

Kalmar nan ta “babu shi” ita ce ta yi ta dawowa a makon farko. A 1928 kamfanin Mingxing na Shanghai ya fitar da fim ɗin faɗa mai suna Ƙona Haikalin Jan Bado. Ya karɓu har suka yi ta jan sa, kashi bayan kashi, sai da ya kai goma sha takwas, abin da ya sa na yi murmushi ni kaɗai, don na san wasu masu irin wannan hali a gida. Mutane na tashi sama a ciki, takubba na shawagi. Gwamnatin wancan zamani ta ce camfi ne yana ɓata matasa, ta hana irinsa a farkon shekarun 1930. Daga baya sana'ar faɗan ta yi kaka-gida a Hong Kong, daga can ta biyo jirgi ta iso shagon Baffa. To a cikin kashi goma sha takwas ɗin nan, ko ɗaya ba a iya nuna mana ba. Zaren fim na da yana cin wuta kamar fetur, ga yaƙi da Japan, ga sakaci. Cikakken fim mafi tsufa da ya rage musu na 1922 ne, ɗan gajeren barkwanci a kan wani mai sayar da kayan marmari da ke neman 'yar wani likita.

A mako na biyu, ran Alhamis da yamma, aka kai mu ma'adanar fina-finai ta ƙasa a unguwar Xiaoxitian. Ana zafi mai ɗanko, irin wanda riga ke manne wa baya. Fim ɗin da za mu gani na 1934 ne, baƙi da fari, ba magana, sai rubutu da ke fitowa jefi-jefi. Gaskiya na shiga ne da niyyar yin barci a sanyin na'ura.

Sunansa Shennu. Kalmar na nufin abar bauta mace, amma kuma da ita ake sakaya sunan mace mai zaman kanta. Wata mata ce a Shanghai, ba a ma faɗi sunanta ba, tana fita titi da dare don ta ciyar da ɗanta. Wani ɗan daba ya liƙe mata, duk abin da ta samo ya ƙwace. Sai ta sami rami a bango, bayan wani bulo, tana ɓoye 'yan kuɗi a ciki har ta sa yaron a makaranta. Akwai wurin da mai ba da umarni, Wu Yonggang, ya nuna cinikinta da wani namiji, amma ƙafafuwa kawai ya nuna: takalminta, takalminsa, suka tsaya, suka tafi tare. Ko kwamitin tace fim na garinmu ba zai sami abin yankewa ba, kuma ba abin da ba a faɗa ba.

Inda ya karya ni shi ne bikin makaranta. Yaron na kan dandamali yana waƙa, uwar na zaune cikin iyaye fuskarta cike da murna, sai wata ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita. Ta kusa ta raɗa wa ta gaba. Ba ka jin komai, leɓe kawai kake gani yana motsi, kai na juyowa. Ƙarshenta iyaye suka sa aka kori yaron, duk da shugaban makarantar ya tsaya masa har ya ajiye aikinsa. Ɗan daban ya gano ramin ya kai kuɗin caca, ta fasa masa kwalba a ka ya mutu, aka yanke mata shekara goma sha biyu. Da tsohon shugaban ya je kurkuku ya ce zai riƙe yaron, roƙonta ɗaya ne: idan ya girma a ce masa uwarsa ta rasu.

Da aka kunna fitila laoshi ta tsaya a gaba ta ba mu labarin jarumar, Ruan Lingyu. Jaridun Shanghai sun sa ta a gaba kan rigimarta da maza biyu, kullum da sabon labari. Ran 8 ga Maris 1935 ta kashe kanta, tana da shekara 24. Garin da ya cinye ta da baki shi ne ya cika tituna ran jana'izarta. Har babban marubucinsu Lu Xun ya yi rubutu a kan lamarin, ya ɗora shi a kan wata tsohuwar maganarsu mai cewa bakin mutane abin tsoro ne.

Waɗanda suka biyo ni tun kashi na uku sun san Yaya. Abin da na tsallake a can, da gangan, shi ne ta taɓa fitowa a fim. Sau ɗaya tak, wajen 2003, bayan mutuwar aurenta na fari. Ƙawar jaruma ta fito, fitowa huɗu, da mayafinta, ko rawa ba ta yi ba. Kafin sati biyu unguwa ta ɗauka. Matan da ke aiko yara hayar kaset ɗin su ne suka daina amsa gaisuwar Umma a gidan biki. Baffa, wanda da kuɗin hayar fim ya gina gidansa, ya kwashe kwafi shida da ke shagon ya cinna musu wuta a tsakar gida, ya sa ta tsaya tana kallo. Ni ina da shekara goma sha biyu. Yara na tsokanata a islamiyya, sai na dawo gida na ce mata 'yar fim, a gaban ƙawayenta, da irin muryar da na ji ana faɗa. Ba ta dake ni ba. Ta dai daina aikena, ta daina ajiye mini ƙanzo. Shekara goma sha biyar ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Ban bi motar makaranta ba. Na taka da ƙafa har na gaji, sannan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Beijing na gaban Kano da awa bakwai, don haka sha ɗayan dare a can la'asar ce a gida. WhatsApp ba ya aiki sai da dabara, sai na sa katin waya na kira ta kai tsaye.

“Auta? Lafiya kake kira da kuɗin waya haka? Ko sun ba ka kare ka ci?”

Na ce, “Yaya, fim na kalla.”

“To ai shi ka je yi.”

Na fara ba ta labarin, na rikice a tsakiya, na koma kan ramin bango, na dawo kan matan da ke raɗa. Can dai na ce, “Yaya, abin da na ce miki shekarun baya, ki yafe mini.”

Ta yi shiru har na duba wayar ko ta katse. Ina jiyo kukan awaki da muryar ƙaramarta tana neman a ba ta ruwa.

“Kai yaro ne lokacin,” in ji ta. “Manyan ma ba su nema ba.” Sai kuma ta yi 'yar dariya. “Ka san ni ban taɓa kallonsa ba? Ran da aka kawo shi shago nake cewa sai Juma'a in na yi kitso.”

Na ce idan na dawo zan nemo mata.

“A ina? Kamfanin ya mutu, mai shi ya koma sayar da atamfa. Bar shi kawai. Ka ci abinci dai?”

Kuɗin suka ƙare kafin in amsa.

Washegari laoshi ta raba mana takardar aikin ƙarshen kwas: kowa ya zaɓi fim ɗaya ya yi rubutu a kansa. Bayan an tashi na tsaya na tambaye ta ko an yarda mutum ya yi rubutu a kan fim ɗin da babu shi. Ta kurɓi shayinta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce rabin aikinta na shekara talatin ke nan, amma in zo da hujja, ba da ƙwalla ba. Ta kuma ce in shirya jakata, don ran Litinin jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa zai kai mu Shanghai, kuma akwai wani tsoho a can da take so in gani, wanda aikinsa gyaran zaren fim da ya ruɓe.

Yadda muka yi da tsohon, da yadda na ɓata a tashar jirgin ƙasa ta Hongqiao da ke Shanghai ba fasfo a jikina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.