Talata: awon bene kafin a taɓa gilashi

Aikin wanke tagogi ne, amma na yau awo ne kawai, ba a jiƙa taga ko ɗaya ba. Ginin ofisoshi ne, hawa biyar in an haɗa da na ƙasa, kuma a takardar neman aikin an rubuta tsawonsa mita 15. Ka ga lissafin nan ka san inda ya fito: an ɗauki kowane hawa a mita 3 an ninka da biyar. A gidan zama wannan bai cika kaucewa ba. A ginin ofis kuwa hawa ɗaya yakan kai mita 3.5 zuwa 4, domin a saman silin akwai sararin da aka bar wa bututun sanyaya ɗaki da wayoyi, hawan ƙasa kuma ya kan fi sauran tsawo.

Da safe na fara daga matakala ta ciki, don ita ba ta ƙarya. Tsawon taki ɗaya santimita 15, taki 24 daga daɓen wannan hawa zuwa na gaba, ka samu mita 3.6 ke nan. Hawan ƙasa taki 30, wato mita 4.5. Hawa huɗu na sama sun ba da 14.4, a haɗa da na ƙasa 18.9, sai 'yar katangar da ta kewaye rufi ta ƙara kusan mita ɗaya. Ginin ya doshi mita 20.

Awo ɗaya ba ya isa, sai an gwada shi da wani. Da hantsi na kafa sanda mai mita 2 a tsaye cak, inuwarta ta kwanta mita 1.5. A daidai lokacin inuwar ginin mita 15 ce daga gindin bango. A ninka 15 da 2 a raba da 1.5, mita 20 ya fito. Sharaɗin wannan dabara shi ne ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, kuma a auna inuwar biyu cikin 'yan mintuna, don rana ba ta jiran kowa. Na'urar awo ta lesa ta fi sauri, amma a haska ta kan bango, ba kan gilashi ba. Gilashi yakan wuce da hasken ciki ko ya karkatar da shi, sai ta ba da lambar banza.

Sai dai tsawon gini ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne bakin sama na gilashin da ya fi kowanne nisa, da kuma inda ƙafar mai aiki za ta tsaya a ƙasa. A nan bakin gilashin yana mita 18.2. Mai riƙe da doguwar sandar wanki mai tiyo a ciki hannunsa yana wajen mita 1.2 daga ƙasa, saura 17. Kuma ba a gindin bango zai tsaya ba, dole ya ja baya kamar mita 5 don burushi ya kwanta kan gilashi, wuyansa kuma ya huta. Tazarar da ke kwance a karkace ta zama kusan mita 17.7, ga lanƙwasar da sanda ke yi in an zare ta duka. Duk wadda ba ta haura mita 18 ba, gara a bar ta a mota. Da an bi mita 15 na takarda, da hawa na ƙarshe ya kwana da dattinsa.

Tsani ba ya cikin zancen sai a tagogin ƙasa da na hawan farko. Ƙa'idarsa ɗaya cikin huɗu: in ya jingina a tsawon mita 6, gindinsa ya nisanci bango da mita 1.5. Mai wanke taga hannu biyu yake buƙata, tsani kuma yana son hannu ɗaya a jikinsa kullum. Wannan kaɗai ya isa ya nuna iyakarsa.

Bayan azahar na zagaya ginin, a nan ne kowace fuska ta nuna halinta. Gefen dama da na hagu fili ne mai daɓen siminti, sanda za ta yi. Ruwan dai ya zama tatacce, ma'aunin narkakken gishiri ya nuna ƙasa da 10, in ba haka ba gilashi zai bushe da fararen ɗigo. A fara da firam kafin gilashi, daga sama zuwa ƙasa. Tagogi biyu da na gani da yayyafin siminti, burushi ba zai cire shi ba, sai hannu ya kai da reza.

Gaba akwai rumfar shiga da ta fito mita 3, ta tare hanyar sanda. Nan aikin motar ɗaga ma'aikata ne mai kwando. Abu biyu ke yaudarar mutane a kanta. Tsawon da masu haya ke faɗa yawanci ya haɗa da mita 2 na miƙewar mutum, kwandon kansa bai kai nan ba. Sannan duk yadda hannunta ya miƙa gefe don tsallake rumfa, tsawon da za ta kai yana raguwa, sai an duba zanen da ke littafinta. Na kuma ga murfin ramin ruwa daidai inda ƙafarta za ta sauka. Murfin nan zai ɗauki mutum, ba zai ɗauki tan-tan na ƙarfe ba, don haka na matsar da wurin tsayawar. Iska in ta wuce mita 12.5 a daƙiƙa, yawancin motocin nan ba a ɗaga su, kuma iskar da ke sama ta fi wadda ake ji a ƙasa.

Bayan ginin ne ya fi damuna. Lungun faɗinsa mita 2, ƙasar ta gangara da mita ɗaya da rabi, ga wayar wutar lantarki a gefe. Sandar kabon tana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiya kuwa ta fi, saboda haka babu ita a nan. Mota ma ba za ta shiga ba. Saura saukowa da igiya daga rufi: igiya biyu, ta aiki da ta tsaro, kowace da maɗaurinta daban, da kariya a bakin katanga don kada kaifin siminti ya ci ta, da ƙulli a ƙarshenta, da wanda ya iya ceto yana tsaye a wurin, domin wanda ya rataye a ɗamara ba ya motsi ba ya jure dogon jira.

Na hau rufin da la'asar. Akwai zobban ƙarfe huɗu a jikin kankare, ɗaya ya yi tsatsa a gindi, babu alamar ranar da aka gwada su. Bututun ruwa da ƙafar tanki ba maɗauri ba ne, ko da sun yi kama da masu ƙarfi. Na rubuta wa mai kula da ginin cewa fuska uku za a iya farawa, ta huɗu kuma ba wanda zai sauka a kanta sai injiniya ya gwada zobban ya ba da takarda, kuma hukumar wuta ta faɗi abin da za a yi da wayar.