Kwana Biyu a Kura

Ranar Laraba da daddare Kawu ya kira ni ya ce matar ɗansa ta sauka lafiya, an samu mace, suna ya kama Asabar. Kafin in gama yi masa barka sai ya ce, "Kai yanzu shekara nawa rabonka da mu?" Na yi shiru, don ni ma na san na daɗe. Daga Kano zuwa Kura bai wuce tafiyar kilomita 30 ba, amma mutum sai ya bari birni ya cinye shi.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a na nufi Na'ibawa na shiga motar haya. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe wuya. Mun haye gadar Tamburawa, ga masu ɗiban yashi can ƙasa cikin kogin Challawa, sannan muka miƙe titin Zariya. Ko'ina ƙasa ta bushe, sai karan dawa da aka bari a gonaki. Muna dosar Kura sai ido ya faɗa kan kore shar, alkama da albasa da tumatir, ruwa na bin hanyoyinsa a tsakiyar rani. Duk sanda na ga wannan sai zuciyata ta yi sanyi.

Ruwan daga Tiga yake zuwa, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can babbar hanyar ruwa ta ɗauko shi, ta rarraba shi zuwa ƙanana, har ya kai gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kawu yana cewa lokacin ƙuruciyarsu da an gama girbi samari sai su ɗaura kaya su tafi cin rani. Yanzu rani shi ne lokacin da babu mai zaman banza a garin.

Tun daga bakin titi ƙarar injinan gyaran shinkafa ta tarye ni. Na ratsa lungu na iske gidan cike da mata, ana ta daka da tankaɗe. A gefen tsakar gida matar Kawu ta ɗora rabin duro a kan murhu tana turara shanshera, ko hidimar suna ba ta sa ta ajiye sana'arta ba. Na durƙusa na ce, "Inna, barkanmu da arziki." Ta ce, "Barka dai, ɗan nan. Ashe za ka tuna hanya." Ta nuna mini shinkafar da ta shanya a kan leda, ta ce jiƙa ta ake yi ta kwana, a turara, a shanya ta bushe daidai, in ta bushe fiye da kima sai ta kakkarye a inji. Da kuɗin wannan aiki take zubin adashi, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Da la'asar wani ɗan Kawu ya raka ni unguwar marina. Kafin shinkafa, da rini aka san Kura. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa har can Agadas, ɗan Kura ake ce masa. Ba mu kai ga karofi ba muka fara jin bugu, tim, tim, mutum biyu sun sa yadi a kan gungume suna ta dukansa da tabarya gajera, suna barbaɗa shuni, har ya fara ɗaukar ido. Hannun dattijon da ke wurin ya rine har gwiwar hannu. Ramukan da aka daina amfani da su sun fi masu aiki yawa, abin ya tsaya mini a rai.

Asabar bayan sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago. Na ɗauka za a zauna hira, sai na ga maza suna ta miƙewa, wannan da shebur, wancan da lauje. Ashe ranar aka sa gayyar yashe hanyar ruwan da ke bi ta gonakinsu. Har uban jaririyar ya tuɓe babbar rigarsa ya bi sahu. Na ari adda na bi su.

Kacalla ce ta cinye hanyar, ciyawar nan doguwa da ke toho cikin ruwa ta tare shi, ga laka ta taru a ƙasa. Sanyin ruwan da safiyar hunturu sai wanda ya shiga. Samari suka jeru cikinsa har cinya suna sara suna wurgowa gefe, dattawa na tsaye a kan gaɓa suna nuna inda za a ƙara zurfi. Ba a yi nisa ba sai aka ci karo da buhunan yashi guda biyu da wani ya jera don ya karkatar da ruwa zuwa gonarsa. Nan murya ta tashi. Wani mai gona a can ƙarshen layi ya ce kwana huɗu ke nan ruwa bai iso masa ba, tumatirinsa ya fara yaushi, ga bashin taki a wuyansa. Idonsa ya yi ja. Kowa ya san mai buhunan, yana nan tsaye da shebur a hannu, ya sunkuyar da kai.

Kawu bai kira sunansa ba. Cewa ya yi, "Malam, ka yi haƙuri, an zalunce ka. Yau da gobe ruwan naka ne da maƙwabtanka, mu na sama mu rufe namu." Sannan ya juya ga jama'a ya tuna musu 2016, shekarar da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye tumatir, wanda ke sama da wanda ke ƙasa duk suka tashi hannu rabbana, kuma a junansu suka samu irin shukawa. Mai buhunan da kansa ya shiga ruwa ya ciro su, ya zazzage yashin a kan gaɓa. Aka ci gaba da sara. Wajen hantsi yara suka iso da kunu da ƙosai daga gidan suna, na ga mutanen biyu suna miƙa wa juna ludayi ɗaya.

Na daɗe ina jin ana cewa mutanen ƙauye ba su da tsari. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin yadda ake raba ruwan da bai isa ba tsakanin mutanen da kowannensu ke da iyali ba.

Lahadi da safe na yi sallama. Inna ta auna mini shinkafa kwano biyu ta ƙulle a buhu, ta haɗa da soyayyen naman suna. Kawu ya rako ni har bakin titi. Manyan motoci suna ta wucewa maƙare da kwandunan tumatir, ya bi su da ido yana lissafin kuɗin kwando a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Da mota ta tsaya ya riƙe hannuna ya ce, "In an fara yankan alkama ka dawo, ka zo da yaran su ga inda uwarka ta tashi." Na ce, "In Allah ya yarda, Kawu."