Na taya abokin takarata murna kafin in sanar da mutanena

Tun wajen ƙarfe biyu na daren Asabar, wayewar garin Lahadi 19 ga Maris 2023, na san cewa kujerar majalisar dokokin jiha da na nema ta kuɓuce mini. Wakilanmu na rumfunan zaɓe sun turo hotunan takardun EC8A, wato takardun da ake rubuta sakamakon kowace rumfa a kai, ta WhatsApp, ƙanena yana zaune a kan tabarma yana tara alƙaluman da biro a littafin makaranta, kuma da ya ja layi na ƙarshe bai ce komai ba, sai ya turo mini littafin. Mazaɓu biyu ne suka rage, kuma ko da na cinye su gaba ɗaya ba za su cike tazarar ba.

Rungumar ƙaddara ba ta yi mini wuya kamar yadda na zata ba. Ina cikin waɗanda suka ga abin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, lokacin da aka kashe ɗaruruwan mutane a Arewa, musamman a jihar Kaduna, kuma na tuna yadda gari ya yi tsit a ranar 31 ga Maris 2015, ana jiran Farfesa Attahiru Jega ya kammala tattara sakamako, har labari ya zo cewa Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna. Tun ranar na ƙudurta a raina cewa idan na taɓa shan kaye haka zan yi. Saboda haka da aka idar da sallar Asuba na koma mota, na kira abokin takarata, wanda ya girme ni kuma mun taɓa zama a jam'iyya ɗaya, na ce masa: "Yaya, Allah ya ba ka, Allah ya taya ka riƙo." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yi godiya da murya mai rawa. Na ajiye wayar ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka, har ina yaba wa kaina.

Abin da na manta shi ne a daidai wannan lokacin mutanena suna zaune a harabar ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma, ba su runtsa ba tun daren Juma'a, suna gadin sakamakon da ni na riga na sallama. Lokacin ana tsakiyar ƙuncin canjin kuɗi, tiransifa tana maƙalewa, da yawansu da kuɗin aljihunsu suka sayi man babur, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. Kafin ƙarfe bakwai yaran ɗaya ɓangaren sun baza labarin kiran a Facebook, kuma daga bakinsu mutanena suka ji, cikin shewa, ana ce musu mai gidansu ya tafi ya kwanta, su me suke jira.

Da hantsi shugabar matanmu ta shigo gidana ko sallama ba ta ƙarasa ba. Dattijuwa ce sa'ar mahaifiyata, wadda ta bi gida gida da ƙafarta har dugaduganta suka tsage. Ta ƙi zama a kujerar da aka miƙa mata, ta ce: "Ɗana, faɗuwa ba abin kunya ba ce, amma a ce a bakin 'yan adawa zan ji? Ashe mu ba mu kai a gaya mana ba?" Ban sami amsa ba, kuma har yau ban samu ba. Kafin La'asar zance ya zama cewa an yi ciniki da ni tun kafin zaɓe, har ana faɗin adadin kuɗin da wai na karɓa. Babu wanda ya ji haushin wanda ya kayar da mu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

A kwanakin da suka biyo baya ne na fuskanci jarrabawar da ta fi ta daren zaɓe. Wasu na kusa da ni suka ce hanya ɗaya ta wanke kaina ita ce in janye maganata in garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, tunda doka ta ba da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako. Lauyan da muka tuntuɓa ya duba takardunmu ya faɗa mini gaskiya, cewa ƙorafin da muke da shi a 'yan rumfuna ko an soke su ba zai sauya komai ba. Na kuma tuna Yahya Jammeh na Gambiya, wanda ya amince da shan kaye a Disambar 2016, ya lashe amansa bayan mako guda, ƙarshenta ya bar ƙasar a watan Janairu. Na ƙi, duk da na san ƙin zai ƙara wa masu zargina ƙarfi, domin shigar da ƙarar da ban yarda da ita ba don kawai in faranta wa mutane rai yaudara ce ta biyu a kan laifin farko.

Azumi ya kama ranar Alhamis 23 ga wata, shi ne ya ba ni ƙofa. Kullum bayan shan ruwa nakan ɗauki ƙanena mu je mazaɓa guda, ba tare da ayarin motoci ba, in zauna a ƙofar gidan shugaban mazaɓa in buɗe littafin nan kowa ya ga lissafin da idonsa, in biya bashin man babur, sannan in nemi gafara. Ban taɓa neman gafarar kiran da na yi ba, kuma ko gobe zan sake yinsa. Jerin waɗanda ya kamata in fara gaya wa ne na ɓata. Mintuna talatin sun ishe ni in je harabar nan in tsaya a gabansu, in gaya musu da bakina cewa mun faɗi, in gode musu, in sallame su su je su yi barci, sannan in ɗaga waya a gabansu. Duk ɗan takarar da ya nemi shawarata yanzu, wannan nake fara gaya masa kafin maganar fosta ko rediyo, kuma nakan ƙara da cewa ya roƙi wanda ya yi nasara ya riƙe labarin na awa ɗaya, abin da ban yi tunanin roƙa ba.

Shugabar mata ta haƙura a goman ƙarshe, ta aiko mini da kunun gyaɗa a kwanon sha. Amma akwai wani matashi da ya wakilce ni a rumfar da ta fi kowace zafi, wanda aka yaga wa riga a ranar zaɓe, na je gidansu sau uku ana cewa ba ya nan alhali babur ɗinsa yana jingine a zaure. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana amsa sallamata, amma bai sake kirana Honorabul ba, kuma bai sake miƙo mini hannu ba.